Kintacen zaɓe da takardar shaida

 Darasinmu na yau a kan zaɓe yake: yadda masana ke kintatar wanda zai ci tun ba a jefa ƙuri'a ba, da yadda takardar shaida ke iya ɓata musu lissafi.

To, ƙaƙa ake wannan kintace? Kun san mai sayen gero ba ya zazzage buhu duka. Hannu yake zurawa, ya ɗebo kaɗan, ya duba. Haka masu auna ra'ayin jama'a ke yi. Su tambayi mutum dubu ɗaya ko biyu, su gane da su ra'ayin miliyoyi. Amma in a bakin buhu kaɗai aka ɗiba, ba a san abin da ke ƙasa ba.

Ga misali daga Amurka. A 1936 mujallar Literary Digest ta karɓi amsar mutum fiye da miliyan 2, ta ce Landon ne zai zama shugaban ƙasa. Sunaye da yawa ta samo su ne daga littafin tarho da jerin masu mota, wato masu hali. Ranar zaɓe Roosevelt ya ci jiha 46 cikin 48.

Akwai wata wuya kuma. Ra'ayi daban, ƙuri'a daban. Wanda bai jefa ba, ba a ƙirga shi. Saboda haka dole mai kintace ya san su wa za su fita, kuma su wa za a bari su jefa. A nan takarda ta shigo.

A 2005 jihar Indiyana ta Amurka ta kafa doka: ba mai jefa ƙuri'a a rumfa sai ya nuna katin shaida mai hoto. Kotun ƙolin ƙasar ta amince da dokar a 2008. Masu goyon baya suka ce maganin maguɗi ce. Masu suka suka ce talaka da tsoho ne za ta tare, don su ne ba su cika riƙe kati ba.

Me bincike ya nuna? A 2014 ofishin bincike na majalisar Amurka ya duba jihohin Kansas da Tenesi. Ya tarar masu fita zaɓe sun ragu da wajen kashi 2 zuwa 3 cikin 100, musamman matasa da baƙar fata. A 2021 kuwa, masana biyu, Cantoni da Pons, sun auna zaɓuɓɓukan ƙasar daga 2008 zuwa 2018. Ba su ga yawan masu fita ya ragu ba, ba su kuma ga maguɗi ya ragu ba. A Ingila, inda aka fara tambayar kati a zaɓen ƙananan hukumomi na watan Mayu 2023, hukumar zaɓe ta ƙirga wajen mutum 14,000 da aka mayar, ba su dawo ba.

Kun ji ke nan, dokar ba ta cika kore jama'a da yawa ba. Amma kaɗan ma abu ne in takara ta yi zafi. A 2000, ratar ƙuri'a 537 a jihar Fulorida ce ta ba Bush shugabancin Amurka. Babu kintacen da ke iya hango irin wannan rata.

Mu ma nan Nijar mun san zancen. A zaɓen 2016 an yi gardama sosai a kan marar takarda, ko ya halatta shaidu biyu su tsaya masa ya jefa ƙuri'a.

Don haka, ƴan uwa, kada mu raina takarda. In an yi haihuwa, a kai sunan jariri wurin hukuma, mace ko namiji, a karɓi takardar haihuwa. Da ita ake samun katin ɗan ƙasa. Wanda ya iya karatu kuma, shi zai duba da idonsa ko an rubuta sunansa daidai.

Malamai, ku tattauna wannan da ɗalibanku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.