Maƙogwaron Mota da Ƙurar Damargu

Direbobin da ke bin hanyoyin yashi na ƙasar Damargu, daga Falanko zuwa Tanut, ko daga Gangara zuwa Belbeji, sun san wata cuta da ke kama motocin fetur. Mota tana gudu lafiya lau, amma da zarar an ɗaga ƙafa daga totur sai inji ya kama rawar ɗari, ya mutu. Da safe kuma sai an yi ta lallashinta kafin ta tsaya da kanta. Idan buhunan hatsi aka ɗauko, an yi asarar ranar kasuwa. Idan kuwa mai naƙuda ce za a kai likita cikin dare, abin ya wuce maganar kuɗi.

Galibi mai ake ɗora wa laifi. A ce ruwa-ruwa aka sha a bakin hanya, ko a ce an gauraya shi. Hakan yana faruwa. Amma tun shekarar 2011 matatar SORAZ take tace mai a nan cikin gundumar Tanut, kusa da Bakin Birji, kuma motar da ta sha tataccen man takan yi wannan rawar ita ma. Dalili shi ne inji ya fi shan iska bisa ga mai, nesa ba kusa ba. Kafin ya ƙona lita 1 ta fetur sai ya zuƙi iska wajen lita 9,000. Mai karatu ya auna yawan ƙurar da ke cikin wannan iska a watannin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke rufe rana.

Duk iskar nan ta ƙofa ɗaya take shiga. Wani guntun bututu ne na ƙarfe, tsakanin matatar iska da inji, wanda za mu kira maƙogwaro. A cikinsa akwai ɗan faifai da ke buɗewa idan an taka totur, ya rufe idan an saki. A takardun Faransanci sunan wurin boîtier papillon, wato gidan malam-buɗe-littafi, kuma wanda ya ga faifan yana buɗewa yana rufewa zai yarda sunan ya dace. Idan mota tana tsaye a ralanti, inji na juyi 650 zuwa 800 a minti, ƴar ƙanƙanuwar kafa ce kaɗai ta rage wa iska. Tururin baƙin mai da ke tasowa daga cikin inji yana biyowa ta nan, ƙura ta same shi, su haɗu su zama baƙin danƙo a gefen faifan. Kaɗan ya isa ya shaƙe kafar.

Dattawan direbobi da suka yi zamani da Peugeot 404 da 504 za su ce ai wankin karburato ne. Kusa ne, amma akwai bambanci. A karburato mai da iska tare suke bi, man yana wanke hanya. A motocin yanzu, irin su Toyota Corolla da aka shigo da su ta Kwatano ko Lome, man yana fesowa ne can gaba, don haka babu mai wanke maƙogwaro sai mai mota. Tsofaffin Land Cruiser da Hilux masu shan gazuwal ba su cikin wannan bayani.

Aikin bai fi rabin awa ba. Ana bukatar kile mai lamba 10, da turnabis, da tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, da tsohon burushin haƙori, da gwangwanin feshi na wankin maƙogwaro, wanda ake nema wurin masu sayar da kayan mota a Damagaram. A bari inji ya huce. A cire wayar batir mai alamar ragi. A kwance zoben da ya ɗaure babban tiyon roba, a zare tiyon, faifan zai bayyana. A fesa maganin a jikin tsumma, a goge bangon bututun da gefen faifan ciki da baya, har ƙarfe ya fito fari. Kada a kankare da wuƙa ko a goge da yashi kamar tukunya, domin idan gefen faifan ya ci, ba shi da gyara sai sabo.

Kafin a taɓa faifan, a duba irin motar. Idan akwai wayar ƙarfe da ta taho daga totur, ana iya buɗe shi da hannu ba fargaba. Irin wannan yana da wata ƙaramar hanya a gefe wadda ke ba da iskar ralanti, ita ma tana so a share ta. Amma yawancin motocin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 2000 ba su da wannan waya: ƙaramin injin lantarki ne ke juya faifan, da ƴan haƙoran roba a ciki. A tura shi a hankali, kada a tilasta, kada kuma a bar magani ya kwarara cikin akwatinsa. Haka nan na'urar auna iska da ke kusa da matata: tana da siririyar waya da ba ta kai kaurin gashi ba, kuma wannan feshin yana lalata ta.

Abin da littattafan Turai ba su cika faɗi ba shi ne wurin da za a yi aikin. Wanda ya buɗe bakin injinsa a fili ranar da iska ke tashi, ya cire danƙo ne ya zuba yashi, alhali yashi ke cinye cikin inji. A shiga zaure ko bayan katanga, da sassafe kafin iska ta motsa, nesa da murhu da masu shan taba, don maganin yana kama wuta nan take.

Bayan an mai da komi, mota za ta ɗan yi gardamar tashi, ta yi hayaƙi kaɗan. A bar ta tana juyi minti 10 zuwa 15, ba fitila ba na'urar sanyi, domin kwamfutar motar ta saba da toshasshiyar kafa, sai ta sake koyo. Wasu motocin, musamman na Nissan, ralantinsu yakan tsaya sama har sai makanike ya daidaita shi da na'ura. Idan kuwa rawar ba ta daina ba, ko motar tana fizga a hawan tudu da kaya, a duba buji, da matatar fetur, da ko wani tiyo ya tsage yana satar iska.

Saura matatar iska, wadda a ganinmu ita ce uwar zancen. Akwai direbobin da ke huda ta, ko su cire ta ɗungum wai mota ta samu numfashi, akwai masu wanke ta takarda da ruwa ko fetur. Duk ukun ƙofa suke buɗe wa ƙura. A ciro ta kowane mako a hunturu, a kakkaɓe a hankali, a ɗaga ta ga rana. Idan haske ba ya ratsa ta, ko an ga tsaga ko da ƙarama ce, a sake wata, a kuma tabbata murfin akwatinta ya zauna daram ta kowane gefe.