Shin Ko Kun San? Kilematis, Duma da Sauran Masu Hawa Danga

Shin ko kun san furen kilematis, wanda ake yawan turowa a waya ya lulluɓe katangar gidajen Turai da shuɗi da shunayya, ba iri ɗaya ba ne? Ya haura iri 300, akasarinsu a ƙasashen sanyi, ƙasar Sin kaɗai tana da sama da 100. Mai manyan furannin nan da ya fi shahara, Jackmanii, wani mai rainon itatuwa George Jackman ne ya haɗa shi a garin Woking na Ingila a 1858, ya fara fure a 1862, kuma har yau ana sayar da shi. Akwai ɗan uwansa na daji, Clematis hirsuta, da ke fitowa da kansa a dazuzzukan Afirka har da Najeriya, furensa ƙanana farare, irinsa mai gashi.

Kun san yadda yake hawa? Da wuyan ganyensa yake naɗe abin da ya taɓa. Saboda haka azara ko gungume ba su yi masa amfani, sai waya, igiya siririya ko tsinken da bai kai kaurin ɗan yatsa ba. Ana binne shi ƙasa da yadda yake a leda da kamar santimita 5 zuwa 8, don ko cuta ta kashe kara, saiwa ta sake tohowa. Kansa yana son rana, gindinsa yana son sanyi. A nan ne gizo ke saƙa: a wurinmu Sabon Birni, da duk yankin Gwarzo da Kabo, zafin Afrilu kan kai digiri 40, kuma masu manyan furanni suna buƙatar hutun sanyi mai tsanani wanda hunturunmu ba ya kai shi. Ni dai ba zan ba maƙwabci shawarar kashe kuɗinsa a kai ba. Wanda ya nace, ya sa shi a gabashin katanga inda rana ke juya masa baya da azahar, ya rufe gindin da ciyawa, ya kuma tuna ruwan jikinsa yana ƙona fata, guba ne ga akuya da yaro.

To shin ko kun san muna da mai hawan da ya fi shi tarihi nesa ba kusa ba? Duma. Asalinsa Afirka ne, amma an tono ɓawonsa a nahiyar Amurka mai shekara kusan 10,000. Wani bincike da aka fitar a 2014 ya nuna igiyar ruwa ce ta ƙetarar da shi tekun Atilantika, kuma tun kafin nan an gwada jiƙa duma a ruwan teku kwana 347, aka fasa, irin ya tsiro. Wannan ƙarfin shawagi ne masuntan Argungu ke dogara da shi idan suka kife a kan gora.

Furen duma fari ne, sai rana ta faɗi yake buɗewa, malam-buɗe-littafin dare ne ke yi masa barbara. Ku fita da tocila bayan magariba ku duba: wani furen yana kan dogon sanda shi kaɗai, shi ne namiji, wani kuma yana da ɗan ƙulu mai gashi a ƙarƙashinsa, ita ce mace. Idan kuna ganin ƙananan 'ya'ya suna yin rawaya suna zubewa, sau da yawa barbara ce ba ta samu ba. Ku tsinki namijin, ku cire fatun furen, ku goga tsakiyarsa a tsakiyar macen. Aikin minti ɗaya ne. Sannan matan furanni sun fi fitowa a rassan gefe, don haka idan uwar yaɗo ta kai saman rumfa, a datse kanta da farce ta yi rassa. Mutane da yawa kan ji tausayin datsewa, su ƙare da ganye tuli da duma biyu.

Kun san siffar duma daga iri take, amma rumfa tana gyara ta? Wanda ya rataya a sama wuyansa kan miƙe, ya yi ludayi ko shantu mai kyau. Wanda ya kwanta a ƙasa gefe ɗaya kan baje, ya yi tabo. Babba na masaki kuwa ya fi ƙarfin danga, ƙasa ko rufin bukka ne wurinsa. Kuma idan kun shuka na ƙwarya kusa da na ludayi, sukan yi wa juna barbara, irin da kuka ajiye ya ba ku wata siffa daban baɗi. Kada a yanke shi sai igiyar da ke riƙe da shi ta bushe ƙamas, wato wata huɗu zuwa biyar bayan shuka. Ɗacin nan na cikinsa guba ne, shi ya sa ake jiƙa sabuwar ƙwarya ana zubar da ruwan kafin a dama fura a ciki.

Shin ko kun san soson da ke hawa katangar banɗaki ba tare da kowa ya shuka shi ba, miya ake yi da shi a Indiya da Sin tun yana ɗanye? Furensa rawaya ne, da safe yake buɗewa, akasin duma. Yana son wurin makwararar ruwa. A bar shi ya bushe a jikin uwar har ya yi ruwan ƙasa, a girgiza a ji iri na kaɗawa, sannan a ɓare.

Garahuni fa, shi ma mai hawa ne? Ɗansa kan nuna ya yi ja ya fashe da kansa, ganyen mai ɗaci ne, amma ana cinsa. Yaɗiya kuwa tana nan shar a tsakiyar rani lokacin da komai ya bushe, kuma a ƙasar Maraɗi kwaɗonta da ƙuli-ƙuli abinci ne da ya sha ceton gidaje a shekarun fari. Abin takaici ne a ga ana tumɓuke ta daga jikin darni ana ce mata ciyawa.

Kun san manyan abokan gabar mai rumfa a yankinmu ba cuta ba ce? Gara ce da akuya. A babbake gindin sandunan rumfa kafin a kafa, a zuba toka a ramin, a kewaye shukar da ƙaya har ta wuce bakin dabba. A jira damina ta zauna a watan Yuni, a haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya, a cika da takin awaki da ya ruɓe, a sa iri uku, a bar biyu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka tun yaɗon bai wuce taƙi biyu ba a ɗaura masa tsumma sako-sako a nuna masa hanya. Masu fadama kusa da madatsar Guzu-Guzu a Kabo suna iya yin shuka ta biyu da rani, amma su jira sanyin Janairu ya wuce, domin irin duma ba ya son tsirowa a ƙasa mai sanyi.