Mahalba, ku san cikin bindigarku

Ƴan uwa mahalba na Filinge da dukan ƙasar Kurfai, ga wata tambaya: don mi harsashin wata bindiga yake tafiya sak, na wata kuma yana kaucewa? Amsar tana cikin bututun bindiga.

Ku cire harsashi, ku buɗe bindiga, ku leƙa bututun wajen haske. Adaka ta maƙera da kalibar 12 ta halbin zabi, cikinsu sumul yake. Amma karabin tana da zane a ciki, mai murɗewa kamar igiya. Maƙeran Turai suka fara yin wannan zane wajen shekara ta 1500.

Mine ne amfaninsa?

Ku dubi mazarin kaɗi. In mace ta murza shi da ƙarfi, sai ya tsaya cak. In murzawa ta yi sanyi, sai ya yi tangaɗi ya faɗi. Haka harsashi yake. Zanen nan shi ke murza shi, ya tafi da tsini a gaba.

Murɗin kowace bindiga da nasa awo. A wata, harsashi yana juyi ɗaya cikin santimeta 25. A wata, sai santimeta 30. Harsashi mai gudun meta 800 a sakan, in ya fito daga ta farko, juyi 3200 yake yi a sakan guda.

Ga abin riƙewa: dogon harsashi yana son matsattsen murɗi. Gajere, sassauƙa ya ishe shi.

In murɗi ya kasa fa?

Sai harsashi ya yi ta wuntsilawa cikin iska. Ko ya kuskure, ko ya bugi dabba a gicciye, ba inda aka auna ba. Dabba ta tsere da rauni, ta mutu cikin daji ba yanka, ta zama mushe. Mahalbi ya yi asara, daji ma ya yi asara.

Yadda za ku gwada

1. Ku kafa kwali a jikin tudu, nesa da mutane da bisashe.
2. Ku ja baya taki 50, ku halba.
3. In huda ta fito kewayayya, harsashin ya dace. In ta fito doguwa, ku sake gajere.

Ku riƙa share bututu, don tsatsa tana cinye zanen.

Kada ku manta da doka ta 29 ga Afrilu 1998: ba farauta da bindiga sai da takardar izini. Akwai kuma dabbobin da aka hana taɓawa, kamar raƙumin dawa na Dallol Boso, wanda a 1996 saura kamar 50 kawai suka rage. Kafin ku fita, ku tambayi ma'aikatan gandun daji na Filinge. Wanda ya iya karatu, ya karanta ma wanda bai iya ba.