Shugaba Baran Jama'arsa Ne

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan fili in yi magana kan shugabanci, gwargwadon koyarwarmu ta Kirista.

Da Sarki Sulemanu ya rasu, jama'a suka taru a Shekem, suka roƙi ɗansa Rehobowam ya sassauta musu aikin tilas. Dattawa suka ce ya zama baransu, za su bi shi har abada. Samari suka zuga shi ya ƙara tsanantawa, ya bi ta samari. Kabila 10 cikin 12 suka ɓalle, mulki ya rabu biyu.

Yesu Almasihu kuwa, a daren da aka kama shi, ya ɗaura ɗamara ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da bara ke yi, ya ce su yi wa juna haka.

To, 'yan'uwana akawuna, mu auna kanmu. Talakan da ya kwana bisa hanya, muka ce ya komo gobe don bai ba da goro ba, wace shaida zai yi mana? Babba juji ne. Wanda ba ya jin kukan na ƙasa, ko ya sha rawani, bai zama shugaba ba.

Naka,
Wani Akawu.