Abin da majinyacin Gwarzo da Kabo zai tarar a wurin likitan fisiyo

Mai fama da shanyewar ɓarin jiki, ko wanda karayarsa ta haɗe, akan tura shi sashen fisiyo, wato gashin ƙashi. Ranar farko likita zai saurari tarihin ciwon, ya gwada ƙarfin tsoka da motsin gaɓoɓi, sannan ya tsara atisaye.

Sai dai jinyar takan ɗauki makonni ko watanni. Ga mutumin Gwarzo ko Kabo da aka tura Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, kuɗin mota kaɗai na iya katse ta, gaɓa ta sandare. Don haka ya dace ɗan rakiya ya koyi atisayen gida tun ranar farko, masu zaɓe kuma su tambayi wakilansu: likitocin fisiyo nawa ne a asibitocin yankin?