Me Ya Sa 'Ya'ya Mata Ba Sa Gadon Gida a Fina-finan Tarihin Ingila?

Idan kana cikin masu ƙarar da data wajen kallon fina-finan tarihi a waya, wataƙila ka ci karo da Downton Abbey. Labarin ya fara ne a 1912, lokacin da jirgin ruwan Titanic ya nutse da magadan wani babban gida. Maigidan yana da 'ya'ya mata uku, amma gida da gonaki da sarauta duk za su koma hannun wani lauya, ɗan uwa na nesa da ba su taɓa gani ba. Ga wanda ya saba da rabon gado na Musulunci, inda mace ke da kasonta, abin da ɗaure kai. Sai dai marubutan ba su ƙirƙiri wannan tsari ba, haka aka yi ta yi ɗaruruwan shekaru.

Abu biyu ne suka haɗu. Na farko, babban ɗa namiji shi ke ɗaukar ƙasa da sarauta gaba ɗaya. Na biyu shi ne ɗaure gado, wanda Turawa ke kira entail. Wata doka ta 1285, zamanin Sarki Edward na Ɗaya, ta ba mai ƙasa damar tsara layin da dukiyarsa za ta bi bayan ransa, kuma galibi maza ake zaɓa. Wanda ya gada zai ci amfanin gonaki da kuɗin haya, amma ba shi da ikon sayarwa ko kyautarwa. Kamar wayar da aka ba ka ce, ka yi amfani da ita, amma asusun da ke kanta ba naka ba ne.

Dalilin kuwa shi ne ƙasa ce ƙarfin iko. Da an riƙa raba ta, cikin 'yan shekaru gidan zai tarwatse. Faransa ta bi wata hanyar: dokokin Napoleon na 1804 sun wajabta raba gado tsakanin 'ya'ya.

To ina makomar sauran? Ƙannen maza kan shiga soja, ko coci, ko aikin lauya, ko su tafi ƙasashen da Ingila ta mallaka. Mata kuma a ba su kuɗin aure a nema musu miji. Winston Churchill misali ne: an haife shi a fadar Blenheim a 1874, amma da yake mahaifinsa ba shi ne babban ɗa ba, fadar da sarautar Duke na Marlborough ba su zo gare shi ba.

Daga baya tsarin ya fara girgiza. Farashin amfanin gona ya faɗi, sannan a 1894 aka kawo sabon harajin gado. Wasu gidajen suka koma neman auren 'ya'yan attajiran Amurka, kamar yadda Consuelo Vanderbilt ta auri Duke na Marlborough na tara a 1895. A 1925 majalisa ta soke fifikon babban ɗa a dukiyar wanda ya mutu bai bar wasiyya ba.

Sarautun fa? A 2013 an gyara dokar gadon karagar mulki, ƙane ya daina tsallake yayarsa. Amma yawancin sarautun manyan gidaje har yau maza kaɗai ke gadonsu.