Yadda dabarar mayar da ɗan tayi mahaifa ke shafar nasarar IVF

Hausawa mazauna Fatakwal, Anacha da Inugu da ke neman haihuwa ta hanyar IVF kan kashe kuɗi masu yawa. Sai dai matakin ƙarshe, wato mayar da ɗan tayi cikin mahaifa, wanda bai wuce 'yan mintuna ba, yana da babban tasiri a kan sakamakon.

Ƙa'idojin ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka, ASRM, na 2017 sun nuna cewa bututu mai laushi da bin sawunsa da na'urar hoton ciki na ƙara yiwuwar samun juna biyu. Haka ma ajiye tayin fiye da santimita 1 daga saman mahaifa.

Kwanciya bayan aikin kuwa ba ta ƙara nasara. Don haka ya dace ma'aurata su tambayi likita hanyar da zai bi.